Kwanon Kunu Uku da Zuciyar Yaya Buhari

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Rabi, mai suyar ƙuli-ƙuli ce ni a Gummi, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ya fi hannuna sauri. Rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da ya zaunar da ni, kwanan baya na shiga gidan wata maƙwabciyata na tarar tana murƙushe ƙwaya da bayan cokali, za ta zuba wa mijinta a koko ba da saninsa ba. Ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba. Ta ce, "Lahiya, Rabi?" Na ce ta aje cokalin ta zauna. Abin da na faɗa mata ranar shi zan faɗa muku, ko Allah zai sa wani ya tsira da nasa.

Yayana Buhari shi ne ɗan farin Inna. Mai gyaran agogo da rediyo ne a kasuwa, mutum mai sanyin magana, wanda zai yini a kan ɗan ƙusan da ni ko ganinsa ba na yi. Inna kuwa tana da jinin Fulani ta wajen uwa, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce mana "wanku". In wani Buharin ne daban ya yi sallama, sai ta ce "mai sunan wancan". Kakarmu ce ta raine shi. Ko ciwo yake yi Inna ba ta zuwa kansa, sai dai ka ga ta kasa zama wuri ɗaya, tana ta faɗa da kaji.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai ciwon ya same shi. Barci ya ƙaurace masa, ya fara cewa rediyoyin da ke rumfarsa suna gulmarsa ko babu batir a cikinsu. Aka kai shi wurin wani mai magani a wani ƙauye gaba da Anka, ya yi wata da watanni a mari, har yau tabon yana nan a idon sawunsa. Azumi biyu suka wuce shi bai san sun zo ba. Daga baya wani malamin makaranta ya ba mu shawara muka kai shi asibitin masu taɓin hankali a can wajen Sakkwato, ni da matarsa Luba, 'yar garin Zugu. Aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kowane dare.

Wallahi ban taɓa ganin ikon Allah irin wannan ba. 'Yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba! Kafin wata biyu mutumin da ake ɗaurewa ya koma rumfarsa, yana gaishe da mutane da sunayensu, yana tambayar lafiyar 'ya'yansu. Sai dai shi bai ƙaunaci maganin ba. Yana busar masa da baki, yana sa hannunsa nauyi, ga aikinsa na ƙananan abubuwa. Ya koma ɓoye ta a kunci yana tofarwa. Da Luba ta gane, sai ta riƙa murƙushe masa ita a kunun tsamiya, tsamin yana danne ɗacin. Muka yi shiru da bakinmu, muna ganin dabara muka yi.

A nan zan faɗi laifina na farko. Duk lokacin da muka je karɓo magani, ni nake riƙe jaka, kuma sai na zare ɗan wani abu daga cikin ƙwayoyin na ɓoye a ƙasan adakata. Ban yarda da Luba ba. Mace ce mai sanyin jiki, in ka yi mata magana sai ta gama kallon ƙasa kafin ta amsa, ni kuwa irin wannan yana ƙona mini rai. Na riƙa cewa a zuciyata, wata rana za ta manta, ni ce zan ceci ɗan'uwana.

Sai ga azumi ya zo, shekarar da ya faɗo a ƙarshen damina, gero ya fitar da kai, sauro kamar da bakin ƙwarya. Yaya ya ce zai yi. Liman da kansa ya zo har zaure ya ce masa yana da uzuri, mai jinya ne.

Yaya ya ce, "Malam, wanda anka ɗauke ma alƙalami shi ne ba ya azumi. Ni Allah ya maido min nawa. Ku bar ni a rubuta min lada awa kowa."

Liman ya ƙyale shi, mu ma haka. Azumin nan shi ne shaidarsa a gaban gari cewa ya warke.

To, a wurinmu akwai ciyayya. In magariba ta gabato, kowane gida yana aika kwano gidan ɗan'uwa. Kunu uku ke sauka a zauren Yaya kullum: na matarsa, nawa, da na Inna daga tsohon gidanmu. Na Luba yakan sha, nawa yakan sha don ya san halina in ya rage. Na Inna kuwa ko ya ƙoshi har wuya sai ya shanye ya side kwanon. Uwar da ba ta kallon idonka, ba ta kiran sunanka, kwanon nan shi ne kaɗai maganar da ke tsakaninsu, shi kuma ba ya mayar da shi da saura.

A makon farko murna ta cika shi. Yana tashi sahur da karatu da ƙarfi, yana tare mutane a hanya yana yi musu barka da shan ruwa tun rana na tsaka. Ni da na ga surutu ya yi yawa sai hankalina ya tashi, don da surutu ciwon ya fara wancan karon. Na ce shi ke nan, Luba ta ga azumi ta daina ba shi. Me zai hana in tambaye ta? Girman kai. Mun ɗan yi sa-in-sa kafin azumi a kan wani tsohon turmi, na ce ba zan buɗe baki ta ce na zarge ta ba. Ran uku ga wata na buɗe adaka, na murƙushe ƙwaya ɗaya a kununa, na kai masa da hannuna.

Surutu ya ragu kuwa. Na ji daɗi, na yaba wa kaina. Sai barci: a rumfa barci, a sallar asham barci, har wata rana ya ɗago daga sujada jiri ya kwashe shi ya faɗa kan na kusa da shi. Mutane suka yi ta dariya, wai ya kwana biyu rabonsa da azumi, yunwa ce ke gaishe shi.

A mako na biyu, wata ranar da na kai kunu, ya kira ni cikin zaure. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

Ya ce, "Rabi, kawo hannunki." Ya kama ya aza a ƙirjinsa. "Kin ji? Agogon nan na tsallake. Shi buga, shi buga, shi tsaya, sannan shi ruga da gudu. Na san agogo, wanga ba daidai yake tahiya ba."

Na ji. Na rantse da Allah na ji abin a tafin hannuna, yana fizga kamar kazar da aka riƙe. Amma kunnena wani abu daban ya jiyo. Mutumin da ya ce rediyo na gulmarsa, yau ga shi yana cewa akwai agogo a ƙirjinsa. Na ce, "To, Yaya, Allah shi sawwaƙe." Na koma gida ina kuka, washegari na mayar da ƙwayata biyu. Duk abin da na yi a rayuwata babu wanda nake neman gafara a kansa kamar wannan.

Ranar kasuwa ya faɗi. Yana zaune a benci da agogon wani a hannunsa, sai kawai ya sulale, idanu suka juye, jiki ya ɗan yi karkarwa. Kafin a kawo ruwa ya farfaɗo yana tambayar me ya tara mutane. Nan fa shawara ta ɓarke kamar ruwan Agusta. Wannan ta ce iskokin ne suka dawo. Waccan ta ce farfaɗiya ce, kada a taɓa yawunsa. Kawunmu Ɗanjuma, ƙanen Inna, ya taso daga Bukkuyum a kan babur cikin taɓo, ya zauna ya ce maganin Bature ya yi iyakarsa, a mayar da shi wurin mutumin Anka.

Yaya da ya ji an ambaci Anka, ya dubi ƙafafunsa, ya ce a hankali, "Kawu, in mutuwa ce ku bar ni in yi ta gida."

Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Sai kuma zazzaɓi ya rufe shi, irin na damina. Kawu ya je kemis ya karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro. Mai kemis ɗin nan bai tambayi ko mara lafiyan yana shan wani abu ba, ya ƙunsa ya miƙo kamar mai sayar da gishiri. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, ko da yake wa zan ga laifinsa, ni da na fi shi? Luba ta roƙi Yaya ya aje azumi ko na kwana biyu, ya ƙi. Yini yake ba ruwa a jikinsa, ga zufa, ga amai, da magariba kuma ya shanye kwano uku.

Ran sha bakwai ga wata, da hantsi, ya faɗi a bakin rijiya. Wannan karon ya daɗe. Leɓɓansa suka yi duhu. Ina isowa na fara cewa a kira Kawu, sai Luba, Luba mai kallon ƙasa, ta daka mini tsawa a gaban mutane.

"Ba Kawu ba, ba kowa ba! Asibiti za mu. In ba ki zuwa, matsa min!"

Na matsa kuwa. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, layin yankar kati ya kai har gindin dalbejiya, yawanci mata da yara masu zazzaɓi. Babu wuta. Mai ba da kati ya tafi wani wuri, aka ce mu jira. Na yi masifa har muryata ta dushe, ba ta amfana komai ba. Allah ya jefo wani tsohon nas mai furfura zai wuce, ya ga Yaya kwance a benci, ya tsaya. Bai tambayi kati ba. Ya kama wuyan hannunsa, ya zuba wa agogonsa ido, ya daɗe a haka har na ƙosa. Yaya ya buɗe ido ya dubi agogon, ya ce da wata 'yar murya, "Ni na gyara wanga."

Nas ya ce, "Kai ne kuwa, kuma bai sake ɓata lokaci ba." Sannan ya juyo gare mu, fuskarsa ta canza. "Wannan ba ciwon kai ba ne, zuciya ce. Zan sa masa ruwa, amma yau ɗin nan ku wuce da shi Sakkwato. Kada ku kwana."

Wannan bawan Allah ban san sunansa ba har yau. Duk sallar da na yi yana cikin addu'ata.

Muka samo mota. Ana cikin shimfiɗa Yaya a baya, sai ga Inna da lulluɓinta da 'yar jakarta. Ta buɗe gaba ta zauna. Na ce, "Inna, ina zuwa?" Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Idona ke min ƙaiƙayi tun bara. Tunda ga mota, sai a duba min." Idon Inna lafiyarsa lau, tana zura zare a allura ba ta nemi kowa ba. Tun daga Gummi har muka isa ba ta waiwayo baya ko sau ɗaya ba, amma carbinta bai huta ba.

Bayan la'asar muka shiga babban asibiti. Likitar da ta karɓe mu wata 'yar siririya ce, a ido ba ta kai ƙanwata ta uku ba, har na ce a raina wannan me ta sani. Ta sa aka manna wa Yaya wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, wata na'ura ta fara fitar da doguwar takarda mai zane, hawa da sauka, hawa da sauka. Na tambaya mene ne wannan. Ta ce, "Zuciyarsa ce take rubutu da kanta." Ashe tsokar nan da ke cikin duhun ƙirji tana da abin faɗa, kuma akwai masu iya karantawa.

Ta karanta, ta sake karantawa, ta sa ɗan ma'auni tana gwada tsakanin zanen. Sannan ta ce, "Wane magani yake sha?"

Luba ta miƙa takardar asibiti da ragowar ƙwayoyin, da na zazzaɓin. Ta ce ɗaya take ba shi kowane dare, ba ta taɓa tsallakewa ba, ba ta taɓa ƙarawa ba.

Likita ta girgiza kai. "Na zazzaɓin nan ya ƙara, rashin ruwa ma ya ƙara. Amma wannan ba zuciyar mai shan ƙwaya ɗaya ba ce. Takardar nan ba ta ƙarya. Ba faɗa zan yi ba, gaskiya nake so, don da ita zan yi aiki. Akwai wanda ke ba shi wani abu?"

Luba ba ta taɓa tsallakewa ba. Ni mai baki, ni da ba a ci na a magana a unguwarmu, na nemi murya na rasa. Da ƙyar na ce, "Ni ma ina sa mishi. Cikin kunu. Da ɗaya, yanzu biyu."

Luba ta juyo ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Likita ta rubuta, ta ce, "Uku ke nan."

Duk wannan abin Inna tana zaune a bakin ƙofa, ta ba gadon baya. Sai muka ji motsinta. Ta taso a hankali, ta kwance haɓar zanenta, ta fito da wata 'yar leda da aka ƙulle, ta aje a kan teburin likita. Irin ƙwayar ce sak. Ta ce, tana kallon bango, "Tun ɗaya ga wata. Na tsinci ɓawon ga shara, na ba Ɗanjuma ya sayo min. Na ga wanku zai yi azumi, na ce kada a manta." Ta ƙara da cewa, "Biyu nike sawa. Na ga ƙanana ne."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙwaya biyar, kowace magariba, ga mutumin da aka rubuta wa ɗaya. Mu uku, gari ɗaya, tafiyar da ba ta kai a tauna goro ba tsakanin gidajenmu, kuma babu wadda ta buɗe baki ta tambayi 'yar'uwarta. Ni girman kai ya hana ni. Luba ba ta san da mu ba. Inna kuwa ta yaya za ta dubi surukarta ta ce, kin ba ɗana magani? Ai da ta nuna ta damu da shi, kuma a tarbiyyarta wannan abin kunya ne.

Likita ta buɗe baki za ta yi magana, sai na'urar da ke kan Yaya ta canza kuka. Zanen da ke hawa da sauka ya rikice, ya zama wani irin murɗe-murɗe. Yaya ya yi wani dogon numfashi, kansa ya karkace. Yarinyar nan da na raina ta zama wata daban. Ta ƙwala kira, nas-nas suka shigo a guje, aka ture mu gefe. Wani ya hau ƙirjinsa yana dannawa da hannu biyu, har ina jin ƙarar haƙarƙari. Wata tana zuba allura a cikin ruwan. Aka turo wani akwati, likita ta ɗauko ƙarafa biyu masu kama da dutsen guga, ta ce kowa ya janye, ta aza masa. Jikinsa ya yi tsalle ya koma. Ba komai. Suka ci gaba da dannawa.

Ni na durƙushe a ƙasa, Luba ta toshe bakinta da mayafi. A cikin wannan hayaniyar na ji wata murya da na sani tun ina ciki, tana faɗin abin da ban taɓa jin ta faɗa ba.

"Buhari!"

Inna ce. Ta ratsa nas-nas ɗin ta tsaya a ƙafafunsa, ta kama idon sawunsa daidai tabon mari, lulluɓinta ya zame ƙasa ba ta sani ba.

"Buhari, ɗana! Ni ce na ba ka. Ka dawo!"

Wata nas ta janye ta. Likita ta sake aza ƙarafan. Jikin ya sake tsalle. Kowa ya zuba wa na'ura ido. Sai na'ura ta ce ɗis. Ta ƙara cewa ɗis. Zanen ya miƙe, ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka. A waje ladan ya fara kiran magariba, kuma babu wanda ya tuna da shan ruwa a cikinmu.

Ba zan ce muku kiran Inna ne ya dawo da shi ba, ba kuma zan ce ba shi ba ne. Na ga aikin hannun likita da idona, na ga na Allah a bayansa. Washegari ta zaunar da mu ta yi mana bayani, kuma kalmominta suna nan a kaina. Ta ce zuciya tana da wutarta, 'yar wuta da ke kunnuwa ta mutu kafin kowace bugawa, tun mutum yana cikin uwarsa har ranar da zai koma. Ta ce, "Maganin nan ba abokin gaba ba ne, shi ya fitar da shi daga mari. Amma a wasu mutane yana jinkirta wutar nan, ko da an sha daidai, balle an ninka, balle an haɗa da wani magani, balle jiki ba ruwa. In jinkirin ya yi yawa, zuciya sai ta rikice." Na zauna ina jin tawa tana bugawa, abin da ban taɓa saurara ba a shekara talatin da takwas. Wa ke kunna ta ina barci? Subhanallahi.

Kwana goma sha shida muka yi, a can muka yi Sallah, da tuwon da wasu bayin Allah suka kawo wa masu jinya. Ba duka ne da daɗi ba. An sha aiken mu sayen magani waje cikin rana, an sha cewa likita yana zuwa mu yini ba mu gan shi ba, kuma wata nas ta kira mu 'yan ƙauye a kan idonmu, na rama, Luba ta ba ta haƙuri. Ga kuma fargaba ta biyu: an tsayar da ƙwayar, kuma a kwana na biyar Yaya ya fara kasa kunne ga bango. Na ce shi ke nan, mun ceto zuciya mun rasa kai. Sai aka kira likitan ƙwaƙwalwa, suka haɗa kai da 'yar siririyar, aka canza masa wani magani kaɗan-kaɗan, ana ba shi ana sake ɗaukar rubutun zuciyar, har aka samu inda kai ya kwanta zuciya ba ta yi ƙorafi ba.

Likitan ƙwaƙwalwar ya yi abin da mu ba mu taɓa yi ba. Ya zauna ya faɗa wa Yaya komai, har da zancen kunu, ya damƙa masa maganinsa a hannunsa, ya ce in ya dame shi ya zo ya faɗa a gyara, kada ya tofar. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Na hwaɗa miki, Rabi. Kin aza hannunki kin ji."

Wata guda bai yi mini magana ba bayan mun dawo, kuma ban ga laifinsa ba. Luba ce ta shirya mu. Na je har ɗakinta na durƙusa, ni Rabi, na ba ta haƙuri, na kuma kai mata turmin.

Don haka ku ji daga bakin wadda ta taɓa wuta. Maganin taɓin hankali hannu ɗaya ke ba da shi, kuma gida duka a san hannun wa. Kada a ƙara don an ga surutu, kada kuma a yanke don an ji labarina, a koma wurin wanda ya rubuta. In za a sayi ko na zazzaɓi ne, a faɗi abin da mutum ke sha. In azumi ya zo, a tambayi likita kafin a ɗauka. In kuwa mai jinyarku ya ce ƙirjinsa na fizga, ko jiri na kwasarsa, ko ya suma, ku yarda da shi ku ruga asibiti. Ciwon kai bai hana mutum sanin jikinsa ba.

Saura abu ɗaya. Ranar da Yaya ya fara zama da kansa a gadon asibiti, muna kewaye da shi, Inna tana can bakin ƙofarta ta ba mu baya kamar kullum. Ya ce, "Lokacin da na tahi, wuri ya yi nisa, ba haske ba duhu. Sai na ji an kira sunana. Na san muryar, amma ban taɓa jin sunana cikinta ba. Wa ya kira ni?"

Ni da Luba muka dubi juna. Ya bi idonmu har bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon bayanta.

Ya ce, "Inna?"

Inna ta ja lulluɓi ta rufe fuska. Ta ce, "Rabi, ki ce ma wanku kununshi na hucewa. Ba komi ciki."

Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya shanye, ya side, hawaye na zuba a ciki.

Ta ƙara shekara shida a duniya, Allah ya jiƙanta, kuma ba ta sake kama sunan ba. Yaya yana nan a rumfarsa, furfura ta fito, yana shan maganinsa da hannunsa, yana zuwa a duba zuciyar lokaci-lokaci. Bayan rasuwarta na taɓa tambayarsa ko abin yana yi masa ciwo, uwa ta haife ka ta kira ka sau ɗaya tak. Bai ɗago daga agogon da yake gyarawa ba.

Ya ce, "Sau ɗaya ta kira, Rabi. Kuma na amsa."